Cibiyar Aikin Haɗaka a Ƙasar Gobir: Gini da Bishiya Kafin Sola

Duk mai wayar salula a Isa ko Sabon Birni ya san abin da ke faruwa da tsakar ranar Afrilu. Waya ta yi zafi a hannu, caji ya tsaya, wani lokaci ma ta rubuto gargaɗi cewa sai ta huce kafin ta ci gaba da aiki. Kamfanin Apple ya ce an ƙera iPhone ne ta yi aiki a yanayin da bai wuce digiri 35 ba, kuma yawancin kwamfutocin tafi-da-gidanka iyakarsu ke nan. A gabashin Sakkwato kuwa, daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40 a inuwa, ɗakin bulo mai rufin kwano kuma yakan fi haka.

To, a ce matasan Turba, a ƙaramar hukumar Isa, sun haɗa kuɗi za su buɗe wurin da mutum ashirin za su zauna da laftof ɗinsu su yi aiki. Abin da ya fara zuwa ran kowa shi ne sayen sola mai yawa da na'urar sanyaya ɗaki. Wannan darasi zai nuna da lissafi cewa daga nan asara ke farawa. A irin wannan ƙasa, gini da bishiya ne ya kamata su ɗauke mafi yawan zafin, sannan sola da na'urorin zamani su ƙarasa abin da ya rage.

Mece ce cibiyar aikin haɗaka?

Wuri ne da mutanen da ba ma'aikata ɗaya suke yi wa aiki ba ke zama tare, kowa da sana'arsa, amma wuta ɗaya, intanet ɗaya, injin buga takarda ɗaya. Kowa yana biyan kuɗin awa, ko na rana, ko na wata. Wani mai rubuta manhaja, Brad Neuberg, ya fito da tsarin a birnin San Francisco na Amurka a 2005. A Afirka an buɗe iHub a Nairobi a 2010, sannan CcHub a unguwar Yaba ta Legas, wadda Mark Zuckerberg ya ziyarta a watan Agustan 2016. A shekarar ce kuma Sanusi Ismaila ya kafa CoLab a Kaduna.

A garin karkara buƙatar ta fi ta birni tsanani. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya ta kwamfuta, ga shi yara da yawa ba su taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba sai ranar jarrabawa. Shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023 don koyar da matasa fasahar zamani yana buƙatar intanet da wuta. Mai zanen hoto, mai gyaran bidiyo, mai POS, da ɗan kasuwar da ke tallata albasa a WhatsApp, duk matsalarsu ɗaya ce. Babu ɗayansu da zai iya sayen sola da intanet mai ƙarfi shi kaɗai, amma su ashirin za su iya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Abubuwa huɗu da mai tsara wurin zai fuskanta

Na farko shi ne zafi, kamar yadda aka ambata. Na biyu ƙura: daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu na kaɗowa daga arewa maso gabas, ta toshe fankar cikin laftof, ta kuma lulluɓe farantin sola. Na uku wuta. Jihar Sakkwato na ƙarƙashin kamfanin rarraba wuta na Kaduna, kuma garuruwan da ke ƙarshen layi ba sa iya dogaro da ita. Janareta kuwa ya zama abin tsoro tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023.

Na huɗu shi ne tsaro da sabis ɗin waya. A watan Satumban 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar Sakkwato saboda yaƙi da 'yan bindiga, kuma Isa da Sabon Birni na ciki. Tun 2019 dubun dubatar mutane daga Sakkwato, Zamfara da Katsina suka tsallaka zuwa jihar Maraɗi ta Nijar neman mafaka. Duk cibiyar da aka tsara bisa zaton cewa intanet ba za ta taɓa ɗaukewa ba, an tsara ta ne don wani gari daban.

Lissafin wuta: inda gaskiya take fitowa

Ana auna ƙarfin da na'ura ke ja da wat. Idan aka ninka wat da awannin aiki, sai a sami wutar da ta sha a rana. Ga misalin cibiya mai kujera ashirin:

- Laftof 20, kowace tana jan kimanin wat 40, awa 8: wat-awa 6,400.
- Fankar sama 6 masu aiki da wutar batir, kowace wat 30, awa 10: wat-awa 1,800.
- Ƙwan fitila 10 masu wat 9, awa 5: wat-awa 450.
- Kayan intanet da ƙaramar kwamfutar ajiyar darussa: kimanin wat-awa 1,200.
- Cajin waya 40, kowace kimanin wat-awa 20: wat-awa 800.
- Injin buga takarda da sauran ƙananan abubuwa: wat-awa 350.

Jimilla wat-awa 11,000 ke nan, wato kilowat-awa 11 a rana. Farantin sola mai wat 550, idan ya sami awa biyar da rabi na cikakkiyar rana, aka cire kashi ɗaya bisa huɗu na asarar zafi da ƙura da wayoyi, zai ba da kimanin kilowat-awa 2.3. Faranti biyar sun isa, a ƙara ɗaya ko biyu saboda ranakun hazo da hadari.

Yanzu a ƙara na'urar sanyaya ɗaki biyu masu ƙarfin doki ɗaya da rabi. Kowace na jan kimanin wat 1,100. A awa takwas su biyun sun sha wat-awa 17,600, fiye da abin da komai da komai na cibiyar ya sha. Jimilla ta koma kilowat-awa 28.6, faranti sun koma goma sha uku, inbata sai babba, batir ma haka. Kuɗin da ya kamata a sayi laftof da su sun tafi wajen yaƙi da zafin da rufin kwano ya shigo da shi. Saboda haka tambayar farko ita ce yadda za a hana zafin shiga tun asali.

Dandaji: misalin da ya fi kusa

Amsar tana nan a ƙasar Hausa, a ƙetaren iyaka. Dandaji ƙauye ne a jihar Tawa ta Nijar, yanayinsa irin na Gobir. A 2018 aka kammala wani gini a can mai suna Hikma. Waɗanda suka zana shi mata biyu ne, Mariam Issoufou Kamara 'yar Nijar da Yasaman Esmaili 'yar Iran. Abin da zai ba masu son fasaha sha'awa shi ne Mariam ilimin kwamfuta ta fara karantawa, ta yi shekaru tana aikin manhaja, kafin ta koma zanen gini.

Garin yana da tsohon masallacin ƙasa wanda Alhaji Falke Barmu ya gina, wato maginin da ya ci lambar yabo ta Aga Khan a 1986 saboda masallacin Yama. Masallacin ya tsufa, an yi niyyar rushe shi. Maimakon haka aka gyara shi ya zama ɗakin karatu, aka gina sabon masallaci mai ɗaukar mutum dubu a gefensa. An yi amfani da bulon jar ƙasa da aka haƙo kusa da garin, wanda ake matsewa da inji, kuma an sa maginan gargajiya cikin aikin. Ginin na shan iska da kansa ba tare da na'urar sanyaya ɗaki ba. An dasa itatuwa a harabar, ana shayar da su ɗigo-ɗigo daga wata ma'ajiyar ƙarƙashin ƙasa da ke tara ruwan damina. Aikin ya ci lambar zinare ta gidauniyar LafargeHolcim ta yankin Afirka da Gabas ta Tsakiya a 2017.

Hikma wurin karatu da ibada ne. Misalin da aka gina takanas don kwamfuta yana Kenya, a gaɓar tafkin Turkana, wuri mai zafi da ƙura. A 2021 Francis Kéré, ɗan Burkina Faso wanda ya ci babbar lambar zanen gini ta Pritzker a 2022, ya kammala cibiyar Startup Lions inda matasa ke koyon aikin intanet. Ya kwaikwayi surin gara: dogayen hasumiyoyi na zuƙe iska mai zafi su fitar da ita ta sama, sabuwar iska kuma na shigowa ta wasu ƙofofi na ƙasa da ake iya buɗewa ko rufewa. Tsarin na rage zafi, yana kuma kare kwamfutoci daga ƙura.

Tun ran gini, tun ran zane

Daga waɗannan misalai za a iya fitar da ƙa'idojin da suka dace da Turba.

*Fuskantar gini.* Ranar safe da ta yamma ce ke dukan bango kai tsaye. Don haka a yi ginin dogo daga gabas zuwa yamma, ta yadda dogayen bangaye da tagogi za su kalli kudu da arewa, gajerun bangaye kuma su kalli gabas da yamma ba tare da manyan tagogi ba. Isa da Sabon Birni na kusan digiri 13 arewa da tsakiyar duniya, saboda haka daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta rana kan bi ta ɗan arewa da tsakar ka. Bangon arewa ma yana buƙatar rufin da ya zarto ya yi masa inuwa, kamar na kudu.

*Bango.* Bangon ƙasa mai kauri na shanye zafi a hankali, sai bayan awanni ya iso ciki. Shi ya sa soro da zaure ke da sanyi da azahar alhali ɗakin bulon siminti na ƙuna. Maginan Hausa sun daɗe da sanin wannan. Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830 da tubali da azara ne. Amma bangon ƙasa na da sharaɗi biyu. Zafin da ya shanye da rana yakan sako shi da dare, don haka dole a buɗe wa ginin iska da dare ta ƙananan tagogin sama masu ƙarfe da raga. Sannan ruwa maƙiyinsa ne. A yankin da kogunan Bunsuru da Gagare ke haɗuwa su zama Rima, ambaliya ba baƙuwa ba ce. A zaɓi tudu, a ɗaga tushe da dutse da siminti, a kuma ba bangon gabas kariya ta musamman, domin daga can hadari ke tasowa da iska.

*Rufi.* Mafi yawan zafi ta sama yake shigowa. Dabarar da Kéré ya yi a makarantar firamare ta ƙauyensu, Gando, a 2001 ita ce rufi biyu: silin na ƙasa a ciki, sannan kwano a ɗage a sama, da sarari a tsakani inda iska ke wucewa ta kwashe zafin. Kwanon ya zarce bango sosai don ya kare shi daga rana da ruwa. Fentin fari a saman kwano na mayar da hasken rana mai yawa, kuma wannan ne gyara mafi araha ga wanda ya yi hayar ginin da ya riga ya wanzu.

*Tagogi.* Iska mai zafi sama take tashi. A yi ƙananan ƙofofin iska a ƙasa, a yi wasu a can kusa da silin. Da hunturu a rufe na ɓangaren arewa maso gabas, ko a sa musu yadi mai tace ƙura. Da damina a buɗe na kudu maso yamma, inda iska mai laima ke fitowa.

Bishiya da ruwa

Inuwar bishiya ta fi inuwar kwano sanyi, domin ganye na fitar da tururin ruwa wanda ke rage zafin iskar da ke kewaye. Dogonyaro ya fi dacewa da yamma da gabashin gini: yana jure fari, yana da ganye kusan duk shekara. A dasa shi nesa da bango da 'yan mitoci saboda saiwa, kuma a lura kada inuwarsa ta faɗa kan farantin sola idan ya girma, domin inuwa a kan ɓangare kaɗan na iya rage wutar layin faranti gaba ɗaya. A kwarin Majiya, kusa da Buza a jihar Tawa, an fara dasa layukan dogonyaro tun 1975 don tare iska, kuma irin wannan layi a arewa maso gabashin cibiya zai rage ƙurar hunturu.

Gawo na da wata baiwa: da damina yake zubar da ganye, da rani kuma ya yi kore, wato yana ba da inuwa daidai lokacin da aka fi buƙata. Ba lallai sai an sayo dashe ba. A Maraɗi ne a 1983 Tony Rinaudo da manoman yankin suka fara rainon tohon kututturan da ke cikin gona, ana sassabe rassa a bar mafi ƙarfi. Wannan dabara ta dawo da itatuwa kimanin miliyan 200 a kan hekta miliyan biyar a Nijar. Duk filin da za a gina cibiya, a duba kututturan da ke raye kafin a share. Sakkwato na cikin jihohi 11 na shirin Babbar Koriyar Ganuwa, don haka yana da kyau a tuntuɓi jami'an gandun daji kan samun dashe. Kafin bishiya ta girma, rumfar zana da aka bi da soso ko duma za ta rufe bangon yamma cikin damina ɗaya.

Ruwan shayarwa daga rufi zai fito. Milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Rufi mai murabba'in mita 120, a shekarar da aka sami milimita 600, zai zubo da lita 72,000. Ko an yi asarar kashi ɗaya bisa biyar, saura ya haura lita 57,000. Tankin da zai riƙe ko da kaɗan daga ciki ya isa rainon bishiyoyi da wanke faranti.

Akwai kuma sanyin randa. Ruwan da ke tsattsafowa ta jikin tukunya yana bushewa, bushewar ce ke janye zafi. Da wannan ilimi Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya haɗa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har ya ci lambar Rolex a 2000. Jiƙaƙƙen buhu ko tabarma a ƙofar da iska ke shigowa na yin irin wannan aiki a watannin Fabrairu zuwa Afrilu lokacin da iska ta bushe. A watan Agusta ba ya aiki, sai dai ya ƙara gumi. A kuma nisanta shi da teburin kwamfuta.

Sola da batir

Ana auna ƙarfin faranti ne a zafin digiri 25. Duk digiri ɗaya da ya ƙaru, yana rasa kimanin kashi 0.35 cikin ɗari. Farantin da aka manna a jikin kwano na iya kaiwa digiri 65, wato ya rasa kusan kashi 14. A ɗaga shi iska ta riƙa bi ta ƙasansa. Ya kalli kudu, a karkace da kimanin digiri 13 zuwa 15, wanda kuma ke taimaka wa ruwan sama wanke shi. Da hunturu a wanke shi da sassafe ko da yamma aƙalla sau ɗaya a mako. Idan aka kafa faranti a matsayin rufin rumfar tsakar gida, an sami wuta an kuma sami wurin zama.

Tunda yawancin aiki da rana ake yi, batir ba sai ya yi yawa ba. Lithiyam nau'in LiFePO4 mai kilowat-awa biyar zai riƙe fitilu da intanet da 'yan fankoki da yamma. Ya fi batirin ruwa tsada, amma yana jure caji sau dubbai, alhali batirin ruwa ba a so a sha fiye da rabinsa, kuma rayuwarsa na raguwa da kusan rabi duk lokacin da zafin ɗaki ya ƙaru da digiri goma a kan 25. Ɗakin batir da inbata shi ya kamata ya zama mafi sanyi a ginin: a kudu ko arewa, bango mai kauri, iska na wucewa. Mataccen batirin ruwa kuma a mayar wa dillalai, kada a fasa shi a gida. Gubar dalma ce a cikinsa, irin wadda ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 ta hanyar sarrafa duwatsun zinare.

Ina aikin na'urori masu wayo?

Aikinsu biyu ne: su auna, su kuma kashe abin da ba a buƙata.

Ƙananan ma'aunan zafi da laima masu haɗuwa da waya ta Bluetooth na da araha. A sa ɗaya a ciki, ɗaya a waje cikin inuwa, ɗaya a ɗakin batir. Ƙa'idar mai sauƙi ce: idan waje ya fi ciki sanyi a buɗe tagogi, idan ciki ya fi sanyi a rufe. Ma'aunin iskar kabon na nuna lokacin da numfashin jama'a ya cika ɗaki. A waje tana kusan 420 cikin miliyan. Idan ta haura 1,000 a ciki, alama ce iska ba ta wucewa, shi ne ake ganin mutane na hamma da kasala.

Yawancin inbata na zamani, irin su Growatt, Deye da Victron, na da manhajar da ke nuna wutar da ta shigo da wadda ta fita. Idan wutar da faranti ke bayarwa ta ragu alhali sama a washe take, ƙura ce, lokacin wanki ya yi. Da makunnai masu wayo irin na Sonoff ana iya tsara fifiko: batir ya sauka zuwa kashi 30, wurin cajin waya da injin buga takarda su mutu da kansu, intanet da fitilu su ci gaba. Fitilar bayan gida da ta baranda a sa musu na'urar da ke jin motsi.

Akwai tarko a nan. Da yawa daga cikin waɗannan na'urori sai sun tuntuɓi kwamfutar kamfaninsu a ƙasar waje kafin su karɓi umarni, intanet na ɗaukewa su daina jin magana. A zaɓi masu aiki a cikin gida, misali ta manhajar Home Assistant, wadda kyauta ce kuma tana zama a kan ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi. Kowane makunni kuma ya kasance ana iya danna shi da hannu. Matasan cibiyar na iya haɗa nasu ma'aunan da allon ESP32, abin da shi kansa darasi ne na rubuta manhaja.

Intanet, da ranar da babu ita

Hanya ɗaya ba ta isa ba. Rauta mai ɗaukar layi biyu na kamfanoni daban-daban, da eriya a kan dogon ƙarfe, ita ce matakin farko. Starlink, wanda ya fara aiki a Najeriya a watan Janairun 2023, ba ya dogaro da turakun sabis, sai dai babban faifansa na jan wat 75 zuwa 100 kuma kuɗin watansa na da nauyi, don haka sai an tabbatar masu biya sun isa. Da rautar MikroTik ana iya raba intanet da tikiti na awa ko na rana, a kuma iyakance abin da kowa zai sha.

Don ranar da komai ya ɗauke, Raspberry Pi ɗin nan da ba ya jan wat goma zai iya zama ɗakin karatu. Manhajar Kiwix na ajiye Wikipedia gaba ɗaya, har da ta Hausa, a buɗe ta ta Wi-Fi ɗin gida ba tare da data ba. Kolibri na ajiye bidiyoyin lissafi da kimiyya. A ƙara manhajojin gwajin JAMB masu aiki ba intanet. Ko ranar da akwai sabis, wannan na rage kuɗin data, domin darasi ɗaya sau ɗaya aka sauke shi, mutum ɗari suka kalla.

Tsaro da mutanen da za su shiga

A gina cibiya a tsakiyar gari, kusa da makaranta ko masallaci, da sanin hakimi da masu unguwa. A rufe kafin magariba idan hali bai yi kyau ba. Kayan da suka fi tsada su zama waɗanda za a iya kwashewa cikin mintuna: laftof maimakon kwamfutar tebur, batir da inbata a akwati mai hannu. A ɗaure faranti da kusoshin da ba sa kwancewa da sauƙi, a rubuta lambobinsu. Bayanan mutane, kamar hoton katin NIN da aka zo bugawa, a goge su a take.

Tsarin gidan Hausa ya riga ya ba da taswira. Zaure ya zama wurin karɓar baƙi, cajin waya da buga takarda, inda hayaniya take. Ɗakin aiki na can ciki. Tsakar gida mai inuwa don amsa waya da hira. Idan ana son 'yan mata da matan aure su zo, sai an ware musu ɗaki ko lokaci, da bayan gida nasu, da mace mai kula da su. Cajin waya, buga takarda da POS a zaure su ne za su riƙa kawo kuɗin yau da kullum, kuma daga ciki ake ware na sauya batir tun daga watan farko.

Aikin da za a iya yi da waya tun yau

Mai karatu da ke da irin wannan buri na iya farawa ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba. Ya buɗe manhajar kamfas ya gano inda ginin da yake so ya fuskanta. Ya duba shafin Global Solar Atlas na Bankin Duniya ya ga yawan hasken ranar garinsu. Ya rubuta duk na'urorin da za a sa, ya karanta wat ɗin da ke jikin cajarsu, ya yi lissafi irin na sama. Sannan ya sami ma'aunin zafi ɗaya, ya auna wurare uku da ƙarfe uku na rana har tsawon mako guda: ɗakin bulo mai kwano, soron ƙasa, da gindin dogonyaro. Ya ajiye lambobin a waya.

Waɗannan lambobi su zai nuna wa magini da mai haɗa sola da duk wanda zai zuba kuɗi, kafin a sayi faranti ko ɗaya. Idan kuma filin ya samu, a dasa bishiyoyin a daminar farko, tun kafin a haƙa tushe, domin ginin wata shida zai ɗauka, inuwar kuwa sai ta yi shekaru.